Ranar da na dafa teku

Damina ce mai laka, shekarar da ruwan rijiyoyin Tambuwal ya yi ja, zawo ya kwantar da yara. Ni kuwa a ajin yaƙi da jahilci ba wadda ta fi ni riƙe darasin tsabta: ruwa in ya gurɓace, a tace, a tafasa.

Ɗiyata Hadiza ta biyo gida daga Legas, za ta koma jami'a, rungume da wata kwalba. Da ta fita gaida kakarta, na ɗaga kwalbar, na ga ruwa dishi-dishi. Na ce ba ta shan wannan ina raye. Na tace, na tafasa, na mayar tas.

Ta dawo, ta sandare.

"Inna, mi kinka yi? Ruwan teku ne! Ƙwan bushiyar teku na ciki, wata 'yar halittar ruwa mai ƙaya! Su nika bincike, in gano yadda ƙwaya guda ka rabuwa, wani sashe shi zan hanji, wani ƙaya. Aikina na shekara!"

Salati kawai na iya.

Da safe na dama kunu na kai mata, kaina ƙasa. Babanta ya leƙa kofin.

"Sha, Hadiza. Mai Dafa Teku ba ta barin komi da rai."

Sunana ke nan har yau.