Tiyar Gero a Kasuwar Arlit

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya koya wa mayunwata tattalin arziki a kasuwar Arlit ba.

Shekarar ta zo da masifu a haɗe. Farashin yuraniyom ya faɗi, kamfanin haƙarsa na ta sallamar ma'aikata, damina ta ƙi, hanyar Agadas kuma ba ta biyuwa sai cikin ayari da rakiyar soja saboda tawaye. A gidan rediyonmu aka ce cikin mu huɗu masu gabatar da shirye-shirye, biyu za su tafi gida. Sai na ƙudura zan nuna wa darakta ni mai ilmi ne.

Na samo wani rahoto na Faransanci, na yi mako ina juya shi. Abin da yake faɗa ba wuya: abin da ƙasa ke saye daga waje ya fi abin da take sayarwa, yuraniyom kuma, dutsen da ke toshe giɓin, ya daina tsada. Kuɗi na fita ba sa dawowa, gwamnati na cin bashi, albashi na makara. Magani a wurina ɗaya ne: mu ci namu. (Ni da na karya kumallo da burodin alkamar waje da madarar gwangwani.)

Na nemi a watsa shirin kai-tsaye daga kasuwa, ban kuwa zagaya ta ko sau ɗaya kafin nan ba. Na tsaya a rumfar wani dattijo mai hatsi, na zagi shinkafar waje son raina, sannan na ɗaga tiyar gero sama.

"Jama'a, ga arzikin ƙasarmu! Baba, daga wace gonar tamu wannan ya fito?"

Na miƙa masa makirfo.

"Daga Katsina, ɗana, can tsallaken iyaka. Kwana tara a hanya. Bana ina kuka ga gero?"

Ina ƙoƙarin janye makirfon, wata Buzuwa da ke tsugune da ƙwarya ba komai ciki ta riƙe mini hannu.

"Mai radiyo, bari in faɗi. Mijina kamfani ya kore shi. Awakina goma sha biyu duk ya mutu. Ka ce mu ci namu. Namu dutse ne, shi ma Nasara ya ce ya ƙoshi. Nuna mini yadda ake dafa shi."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Na tsaya da tiya a hannu, garin duka na sauraron numfashina, har injiniyan gidan rediyonmu ya ji tausayina ya saka kiɗa.

Ba a kore ni ba. An ƙwace shirin, aka ba ni karanta sanarwar rasuwa, wadda a shekarar nan ta fi kowane shiri tsawo.

Lissafin rahoton daidai ne, har gobe. Abin da na koya shi ne, kafin ka gaya wa mutane abin da za su ci, ka fara tambaya ko sun ci.