Ranar da Na Sa Akwati a Jikina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka tashi tafiya ganin ƙanƙara ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Matata, Maman Amira, ce ba ta bari.

Lokacin muna zaune a Danau Kota, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da ɗalibai suka cika. Karatun digiri na uku ya kawo ni Kuala Lumpur da tallafin gwamnati, bayan shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo. Tun da muka zo, abu ɗaya tak matata ta roƙe ni: tana so ta ga dusar ƙanƙara da idonta, ta damƙe ta a hannu, kafin mu koma gida. Na yi mata alkawari a shekarar farko, na sabunta shi a ta biyu. A ta uku sai ta daina tuna mini, wannan shirun kuwa ya fi komai damuna. Don haka ina miƙa kundin bincikena na nemo mana biza da tikiti mafi arha zuwa birnin Almaty, inda aka ce duwatsu na nan a bayan gari, kuma ba a wahalar abincin halal. Tikitin irin wanda in jirgi ya tashi ya bar ka ne, sai dai ka yi masa addu'ar sauka lafiya. Tallafin ya zo ƙarshe, kayanmu ma mun fara sayarwa. In wannan ta wuce, babu wata.

Matsala ta farko ita ce ba mu da ko rigar sanyi ɗaya. Yanayin Kuala Lumpur iri biyu ne, zafi da ruwan sama, sai kuma zafi ba ruwan sama. Sanyin da muka sani bai wuce na ɗakin karatun jami'a ba. Muka bi shagunan gwanjo muka kwaso suwaita da safa da hular sanyi da dogayen wandunan ciki, namu da na 'yarmu Amira. Wani abokin karatuna da ya taɓa zama a Ingila ya ara mini wata kwat, wadda in ka ajiye ta a ƙasa takan tsaya da kanta.

Matsala ta biyu, tikitinmu akwati ɗaya ya yarda da shi, sai 'yan jakunkunan hannu. Na hau ma'aunin banɗaki ni kaɗai, na sake hawa rungume da akwati, na cire wannan daga wancan. Nauyi ya wuce, wucewar da ba ta roƙo ba. Ga kuma guzurin Maman Amira: garin kunun gyaɗa, yaji, kanwa, kowanne ta ƙulle shi ƙulli-ƙulli a farar leda, na kowace safiya daban, yadda ta ga mahaifiyarta tana yi wa matafiyi.

"Abban Amira, ka biya kuɗin akwati na biyu mana mu huta," in ji ta.

Na ce ba batun kuɗi ba ne, batun tunani ne. (Batun kuɗi ne.) Na yi mata bayani a tsanake, da muryar da nake karanta sharhin bayan labarai, cewa kamfanin jirgi akwati yake aunawa, ba ya auna fasinja. Saboda haka duk abin da ya ƙi shiga akwati, jikina zai ɗauka.

Ta dube ni, ta dubi taga, inda rana take ƙona rufin motoci. Ta ce, "A garin nan?"

"Daga gida sai mota, daga mota sai filin jirgi. Ko'ina akwai na'urar sanyi."

"To, Allah ya ba da sa'a, Dakta." Ba ta kirana Dakta sai in ta tabbata zan yi abin kunya.

Da ranar ta zo na shirya a tsare. Na fara da dogayen wandunan ciki, nawa da nata, tunda nata yana miƙewa. Na sa suwaitata, na ɗora tata mai ruwan hoda da 'yan duwatsu a wuya, na ɗora jaket. Dogayen safunan Amira na ɗaura su a ƙugu kamar ɗamara. Kwat ɗin Ingila ta zo a sama, na cika aljihunanta na ciki da ƙullin gari da yaji da kanwa.

Sai na tsaya gaban madubi, na ga abin da maƙwabta za su gani. Benenmu cike yake da 'yan Arewa, kuma abin da aka gani a lif da hantsi, kafin azahar ya isa unguwar Sri Petaling, can ɗaya gefen gari. A nan na yi tunanin da har yau nake ganin shi ne mafi muni a rayuwata ta ilimi. Na ɗauko babbar rigata ta Sallah, farar shadda mai aiki, na lulluɓe komai da ita. Hular sanyi kuwa na cusa ta ƙarƙashin zanna bukar. Na sake duban madubi, na ga wani attajiri mai rufin asiri wanda abinci ya karɓa.

Dabarar ta yi aiki a lif. Wata maƙwabciyarmu, matar wani malamin jami'a, ta gaishe ni, sannan ta juya ga matata ta ce, "Maman Amira, wallahi kin iya kiwo. Duka-duka yaushe na gan shi?" Maman Amira ta ce, "Gama karatu ne, hankali ya kwanta." Na ji daɗi a raina, ban san ta fara ajiye labari ba ne.

Na'urar sanyin motar da muka kira tana numfashi ne kawai. Kafin mu fita daga yankinmu na Setapak na ji zufa ta gangaro daga ƙeyata, ta bi gadon baya, ta rasa hanyar fita. Direban, wani dattijo, yana ta leƙena ta madubi. Can ya ce, "Bos, sakit ke?" wato ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata lau. Amira, wadda in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ta sanar da shi cewa babanta ya sa rigar mamanta. Na yi kamar ina duba waya.

A filin jirgi aka auna akwati, ya yi daidai. Na dubi Maman Amira duban wanda lissafinsa ya fita. Wannan ne duba na ƙarshe irinsa da na yi a ranar.

A wurin binciken tsaro ana ce wa mutane su cire jaket. Ni ba a ce mini ba, don babbar riga ba ta yi kama da jaket ba. Na bi ta ƙofar na'ura ina tafiya kamar agwagwa, ta yi ƙara. Wani matashin jami'i ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga iya inda suka yarda su ɗagu. Ya laluba, ya sake lalubawa, bai iske mutum ba. Ya dubi fuskata, wadda ke zubar da ruwa kamar tulu sabo. Ya dubi koren fasfona. Ya kira na gaba da shi.

Na gaban nasa mutum ne mai furfura a gashin baki, mai sanyin magana. Ya ce cikin ladabi in biyo shi wani ɗaki. Suka bar Maman Amira da Amira a bakin ƙofa.

Ba zan ja labarin tuɓewar ba. Na cire babbar riga, suka ga kwat. Na cire kwat, suka ga jaket. Matashin yana karɓa yana jerawa a tebur, tebur yana cika, ni ina raguwa. Da aka zo kan suwaita mai ruwan hoda, mai furfurar ya cire tabarau ya goge. Da aka kwance safunan Amira daga ƙuguna, matashin ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Sannan aka iso wandon ciki na biyu, mai leshi a bakin ƙafa. Mai furfurar ya tambaye ni, ba tare da ko murmushi ba, ko nawa ne.

Na ce na iyalina ne. Ya ce a kira ta ta tabbatar.

Maman Amira ta shigo, ta ga mijinta, wanda ya bar gida attajiri, tsaye cikin singileti da wandonta. Ta ce wa jami'in nata ne. Sannan ta ce mini da Hausa, a hankali, "Ka riƙe shi, Abban Amira. Ya fi zama a jikinka."

Da a nan aka tsaya, da dariya ce kawai. Amma matashin ya sa hannu a aljihun kwat, ya fito da ƙullin farin gari. Ya sake sawa, ya fito da wani. Ya jera su a gefen tebur, ƙanana, ɗaure tam a leda. Dariyar ta ɗauke daga ɗakin gaba ɗaya.

Na sha karanta irin wannan labari a rediyo: an kama wani ɗan ƙasarmu a filin jirgin wata ƙasa da ƙulle-ƙulle a jikinsa. Nakan karanta shi da murya madaidaiciya in wuce zuwa wasanni. Kowa a ƙasar nan kuma ya san yadda dokarta take a kan ƙwaya. A karon farko na ga kaina yadda suke ganina: mutum mai gumi, mai ɓoye kaya ƙarƙashin ƙatuwar riga, da farin gari a aljihu. Ni ma da ni ne su, da na kama ni.

Na buɗe baki in yi bayanin kunun gyaɗa da Turanci, muryar rediyon ta ƙi fitowa. Na ce gyaɗa ce, abin sha ne, na safe. Mai furfurar ya ce za a gwada, mu zauna. Suka shafa wani ɗan ƙyalle a ledojin da tafin hannuna, suka ɗebi garin kaɗan, matashin ya fita da su.

Muna zaune muka ji an fara kiran fasinjojin jirginmu. Amira ta riƙe mayafin mamanta. Aka sake kira, wannan karon da sunayenmu, an karya su yadda ba a taɓa karya su ba. Na kasa duban matata. Ita ce ta taɓa gwiwata ta ce, "Bar ƙanƙarar nan. In dai tare za mu koma gida, ya ishe ni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai matashin ya dawo yana atishawa, idanunsa jajur. Ashe bayan an gama da farin garin, ya kwance ƙullin yajin ya kai hanci. Ya yi wa mai furfurar magana da harshen Malay tsakanin atishawa biyu. Mai furfurar ya miƙo mini fasfo ya ce, "Boleh," wato muna iya tafiya. Ban taɓa jin kalma mai daɗinta ba, a kowane harshe. Ya ƙara da cewa in gaba ta zo, in bar gari a akwati, in kuma sa tufafin mutum ɗaya. Na ce na gode, har sau nawa ban sani ba.

Babu lokacin sake sa kaya. Suka ba mu wata baƙar ledar shara, muka dunƙula komai a ciki. Na zura babbar riga a kan singileti, muka ruga. Duk wanda ya ga wani siririn mutum a ranar yana gudu, riga tana tashi kamar tuta, da ledar shara a ka, mace da yarinya suna binsa, to ni ne. Mu ne na ƙarshe da suka shiga jirgi. Ma'aikaciyar ƙofa ta dubi ledar, ta dube ni, ta buɗe baki, ta fasa. Babu wanda ya auna ta.

Da jirgi ya ɗaga, na'urar sanyinsa ta sami jiƙaƙƙiyar singiletina. Sanyi mafi tsanani da na sha a tafiyar nan kaf, a nan na sha shi, kayan sanyina kuma suna can sama a kulle cikin ledar shara.

Washegari motar igiya, irin mai tafiya a rataye a sama, ta haura da mu kan dutse. Maman Amira ta sauka, ta cire safar hannu, ta sunkuya ta damƙi ƙanƙarar. Ta daɗe tana kallonta tana narkewa a tafinta. Can ta ce, "Ashe haka take, kamar garin tuwo." Ta share ido da bayan hannu, ta ce iska ce. Ni kuwa na tsaya a bayanta cikin kwat ɗin Ingila, ina jin wani nauyi ya sauka daga kafaɗata wanda ma'aunin banɗaki bai taɓa nunawa ba.

Da za mu dawo na biya kuɗin akwati na biyu ba tare da an roƙe ni ba. Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau: in lissafinka ya fita daidai, matarka kuma ta ce maka Allah ya ba da sa'a, to ka zauna ka sake lissafin.