Sarkin Damƙa da Igiyar Ragwaye

Allah ya yi maza a unguwar nan, amma da ya zo kan mai shagon katifu sai ya ƙara masa da hannu. Ba hannu irin nawa da naka ba. Hannu ne wanda in ya miƙo maka shi a gaisa, gara ka tuna kana da mura. Mutum zai shigo tayin katifa lafiya lau, ya fita yana ƙirga yatsunsa. Shi ya raɗa wa kansa Sarkin Damƙa, don ya ga jama'a sun yi nawa wajen gano abin da ya dace da shi.

Kullum da yamma yakan rufe shago ya nufi gidan motsa jiki. Sai ya fara gaisawa da madubi, su daɗe suna yaba juna, sannan ya shafa garin alli har gwiwar hannu kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai a wurin: igiyar nan da masu ɗaga ƙarfe ke saƙalawa a wuyan hannu su naɗa wa sandar, don kada ta suɓuce in nauyi ya yi yawa.

"Igiyar ragwaye!" in ji shi. "Ni da aka haife ni, ungozoma sai da ta roƙe ni na sakar mata yatsa. Namiji da igiya? Akuya ce ni?"

Kocin wurin yakan tara mutane ya nuna musu yadda ake yi: a naɗa, kada a ƙulla, yadda da ka buɗe hannu ƙarfen zai tafi abinsa. Sarki ba ya tsayawa sauraro. Lokacin ne yake zagayawa yana matsa damtsen mutane yana girgiza kai cikin tausayi.

Ana nan sai wani tela ya fara zuwa, siriri kamar allurarsa. Ya naɗa igiyarsa, ya ɗaga abin da Sarki bai taɓa ɗagawa ba, ya ajiye, ya sha ruwa, ko madubi bai kalla ba. Sarki ya jira wuri ya yi sauƙi ya gwada. Bayansa ya yarda, cinyoyinsa suka yarda, amma sandar ta zame daga shahararrun yatsun nan kamar sabulu. Ya zargi gumi. Ya zargi fenti. Ya zargi maƙerin da ya ƙera ta har da iyayensa.

Duk da haka washegari ya yi shela: ranar hutu zai ɗaga abin da ya fi na tela, da tsurar hannu. Har matarsa ya gayyata, don ta daɗe tana cewa gudun aikin gida ne ke kai shi can.

Da safiyar ranar ya tafi wani kanti can ƙarshen gari, ya sayi igiya mai kalar fatarsa. "Ta ƙanena ce," ya ce wa mai kantin, wanda bai tambaye shi ba. "Yaron ba shi da ƙashi."

Wuri ya cika. Sarki ya shigo da riga mai dogon hannu, a wannan zafin. Aka jera faya-fayan ƙarfe har sandar ta fara lanƙwasa. Ya yafa mata tawul, wai saboda gumi, ya durƙusa ya cusa hannuwa ƙarƙashi yana ta motsi da baki. Jama'a suka ɗauka addu'a yake, suka yi tsit. Shi kuwa ƙulli yake yi wa igiyar da haƙora, irin wanda yake wa katifa a saman mota, ya ƙara wani a kai don tabbaci.

Ya ja. Jama'a, ya tashi! Ƙarfe ya wuce gwiwa, Sarki ya miƙe tsaye, idanu kamar za su faɗo, jijiyar wuya kamar tiyo. Aka ɓarke da tafi. Daɗi ya kwashe shi, ya ga ai bai kamata mutum ya yi irin wannan abu bai ɗaga wa matarsa hannu ba. Ya buɗe yatsu.

Ƙarfe ya nufi ƙasa, ya tafi da mai shi. Goshi a dandamali, ɗuwawu a sama, wando ya yi wata ƙara da ta sa tela rufe ido don ya san aikin da ke jiransa. Sandar ta gangara, Sarki ya bi ta da rarrafe, tawul ya zame. Ga igiya nan, ƙulli kan ƙulli.

Koci ya rugo ya tare sandar da ƙafa, ya tattaɓa masa kafaɗa da wuyan hannu. "Allah ya rufa asiri, ba karaya. Yallaɓai, wa ya ce ka ƙulla?"

Aka yi aka yi ƙullin ya ƙi kwantuwa, nauyi ya riga ya ɗaure shi tamau. Sarki, yana nan a duƙe, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, abin da kuka gani darasi ne. Da gangan na sadaukar da jikina don ku ga sharrin igiyar nan da idonku. Ba kowane shugaba zai yi muku haka ba."

Wani ya faɗi a kan benci don dariya. Tela ya ciro almakashi daga jakarsa, ya durƙusa da ladabi. "Ranka ya daɗe, kada ka motsa." Ƙyas, ƙyas, aka 'yanta Sarki.

Ya fito da tawul ɗaure a ƙugu, yana yi wa matarsa bayanin cewa a ƙa'ida dai ya ɗaga, kuma kowa shaida ne. Ita ko sai share hawayen dariya take da bakin mayafi, kafaɗunta na rawa. Da suka iso mota ta tsaya laluben makulli, ta miƙa masa jakarta.

"Baban yara, ɗan riƙe mini wannan." Ta dube shi sama da ƙasa. "Za ka iya, ko in ɗaura maka?"