Kwamfuta Ta Ce Kawu Na Da Ciki

Jama'a, ku taya mu murna, kawuna tela ya samu juna biyu da furfurarsa. Ba ni na faɗa ba, kwamfutar asibiti ce, ita kuwa ba a yi mata musu.

Shekaranjiya ya je karɓar maganin hawan jini, kansa na ta sarawa. Akawun da ke yankar kati ya danna sunansa, sai wani ɗan akwati rawaya ya faɗo a fuskar kwamfutar yana tsuwa kamar ɗan tsako. Kawu ya tambaya ko ajalinsa aka hango. Akawu ya ce a'a, gargaɗi ne cewa babu abin gargaɗi, kullum haka take yi, in an danna ta wuce. Tana wucewa kuwa ta tura Kawu layin awon ciki.

Kawu ya cire hula ya nuna sanƙo, ya shafa gemu. Akawu ya rantse ya gani. Ya ce duk namijin da ya manyanta haka take yi masa, kuma tun bara aka kai kuka sama.

"To me suka yi?"

"Suna kan maganar akwatin tukuna, Baba."

Ashe Ranka-ya-daɗe Mai Kujera Mai Juyawa ya taɓa leƙowa, tsuwar ta firgita shi a gaban baƙi. Nan take aka kafa kwamiti. Kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, suka tare a otal, suka gano cewa rawaya na tayar da hankali, a mai da shi kore. Mako mai zuwa za a yanke ƙyalle, a ƙaddamar da koren akwatin. Allah ya ƙara basira. Talaka ne ke cewa ana ta kai wa ke ta kaya. Manya sun san kaya ne gaba.

Da Kawu ya ji jiri na neman kayar da shi, sai ya bi layin. Ya zauna a benci tsakanin masu ciki suna ta danne dariya, wata ta matsa masa, ta ba shi shawarar ya rage ɗaukar kaya masu nauyi. Unguwarzoma ta dube shi, ta dubi katin, ta ɗaura masa abin awon jini. Tana ganin inda ya kai ta ruga ta kira likita. Aka kwantar da shi, aka yi masa allura. Yau ya koma kan keken ɗinkinsa.

Ni ma gobe zan kai haƙorina. Ku sa ni a addu'a, kada kwamfutar ta ce tagwaye ne.