Alƙalin Shagon Aski Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, mai askin da ke kwanar tashar mota yake sanar da 'yan uwa, da abokan zaman benci, da duk wanda ya taɓa miƙa wuyansa ga askarsa, rasuwar littafin nan mai koren bango na tarihin masu tsaron raga, wanda aka fi sani da Alƙali. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, a cikin shagon da ya yi wa hidima, bayan doguwar jinyar da aka ɓoye wa kowa. Ya haura shekara arba'in a duniya.

Marigayin ya fara rayuwa ne a hannun Baba, mahaifin mai askin, wanda ya tsare wa ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa raga a zamanin samartaka, har yau kuma ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake saboda wani fenariti da ya ture. Baba bai taɓa buga wasan da jarida ta ɗauka ba. Amma in yana karanta labarin golan da ya ƙarasa wasa da karyayyen haƙarƙari, ko wanda ya tashi daga wankin mota ya zama gwarzon ƙasarsu, sai ka rantse 'yan ɗakinsu ne. Ranar da ɗansa na fari ya buɗe shago, dangi suka kawo madubi da tawul. Baba ya zo da littafin a hammata, ya ɗora shi a kan kanta da hannunsa, ya ce, "Shagon aski ba ya rabuwa da musu. Ga wanda zai riƙa raba ku."

Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya san marigayin ya shaide shi da gaskiya. Bai taɓa karɓar toshiya ba, bai san babba ba, bai san yaro ba. Direban tasi da telan da ke maƙwabtaka da shagon, waɗanda ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba ko da ta launin ciyawa ce, su suka fi kowa kai ƙara gabansa. In gardama ta yi zafi har jijiyar wuya ta miƙe, sai mai askin ya ajiye kilifa ya sauko da shi. A ji tim a kan benci, sannan fal, fal, fal, sannan shiru. Wanda aka kayar ya tafi sayo shayi. Akwai ranar da ya ƙaryata su duka biyun, suka fita suna zagin wanda ya rubuta shi, kuma a iya sanin mai askin ranar ce kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Yana da haƙuri. Ya sha man kai, ya sha zufar yatsu, gashin mutane ya cika masa tsakanin shafuka. In an kawo yaron da kansa bai kai madubi ba, shi ake ɗorawa a kan kujera a zaunar da yaron a kansa. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ciwon ya soma ne lokacin da kowa ya sami waya a aljihu. Kafin mai askin ya miƙa hannu kan kanta, tuni direba ya latsa ya karanto amsar, tela kuma ya latsa tasa ya karanto akasinta. Aka daina kiran Alƙali. Ya sauka daga kan kanta zuwa ƙarƙashinta, kusa da kwalbar sabulu.

Sai dai mai askin ba ya so a ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Shekara da shekaru da tsohuwar jarida yake goge kumfar aska, sai mai jaridar bakin tasha ya koma sayar da caja. Wata ranar cunkoso takarda ta ƙare, tawul duk sun jiƙe, ga mutum zaune fuska fal kumfa. Mai askin ya sunkuya, ya buɗe bayan littafin, ya ga farin shafi da ba rubutu. Ya ce a ransa ai wannan ba karatu ba ne. Kyat, ya yage shi. Wannan ce ƙarar farko ta jinyar, kuma ba wanda ya ji ta sai shi.

Bayan farin shafi sai jerin sunayen da ke ƙarshe, don wa ke karanta jerin sunaye? Bayan su sai shafin godiya. Takardar kuwa mai kauri ce, tana shan kumfa yadda jarida ba ta taɓa yi ba. Bai san ranar da ya shiga babi na ƙarshe ba. Ya dai wayi gari yana yanka shafuka gida huɗu da almakashi, yana jera su gefen madubi.

Duk wannan lokacin yanar ido ta hana Baba gani, ya daina fita. Mai askin kan je gida duk mako ya gyara masa gemu a tsakar gida, da tawul mai tsabta. Kowane zuwa sai Baba ya tambaya, "Yaya Alƙali?" Shi kuma ya ce, "Yana nan lafiya, Baba." Ranar da Baba ya ce in aka yi masa aikin ido, babin golan nan mai karyayyen haƙarƙari zai fara karantawa, askar ta kusa suɓucewa daga hannun mai askin. Ya zagaya masu sayar da tsofaffin littattafai, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Ya dawo ya dubi abin da ya rage, ya ga abin da ya lalace ya riga ya lalace, ya ci gaba. Wannan ne wurin da ya fi jin nauyin a sani, kuma shi ya ce a rubuta.

An ce in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ranar Asabar ɗin ƙanwar mai askin ta kai Baba asibiti aka cire masa bandeji, aikin ya yi kyau. A hanyar dawowa ya ce ta biya da shi shagon yayanta, a nan yake so ya fara ganin fuskarsa a madubi. Direba da tela suka miƙe suna barka da arziki. Mai askin ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa ƙafa ya tura koren bangon can ƙuryar kanta. Ya manta da yankakkun shafukan da ke gefen madubi.

Ya zaunar da Baba a kujera, ya shafa masa kumfa, ya ja aska sau biyu. Sabo turken wawa: hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa, ya ɗauko takarda, ya goge, ya ajiye ta a kan gwiwar Baba kamar yadda yake yi wa kowa. Baba ya dubi gwiwarsa. A ƙarƙashin kumfa da furfurarsa akwai rabin hoto, hannu ɗaya a miƙe, ƙwallo na taɓa yatsu.

Ya ɗauka, ya share kumfar da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Tela ya tuna yana da ɗinki. Direba ya bi bayansa.

"Wannan shafin da ke bayan labarin wasan da aka buga cikin ruwan sama ne," in ji Baba.

"Shi ne, Baba."

"Saura nawa?"

Mai askin ya jawo bangon ya miƙa masa da hannu biyu. Baba ya auna shi a tafin hannu, bai buɗe ba. Ya rungume shi a ƙirji, ya mayar da kai jikin kujera, ya ce, "Ƙarasa. Ba zan fita da rabin gemu ba."

Ya ƙarasa, yana goge askar a hannun rigarsa. Da Baba ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ko da ya gama, Baba ya dubi madubi ya ce aski ya yi kyau, ya miƙe da littafin a hannu. A daidai nan iyali suka ɗauki lokacin rasuwa.

Marigayin ya bar bango biyu, da babin farko har zuwa tsakiyar na huɗu, da 'yan gutsattsarin da ƙanwar ta tattara a jakarta ba tare da ta kalli yayanta ba. Ya bar direba da tela, waɗanda tun ranar suke wucewa ta gaban shagon da sallama kawai. Ya bar Baba, wanda idonsa ya buɗe. Ya kuma bar mai askin, wanda ke roƙon masu ta'aziyya kada su ce masa ba komai.

Za a yi zaman makoki ranar Lahadi da yamma a tsakar gidan Baba. Bisa umarninsa, za a shimfiɗa abin da ya rage a kan tabarma, mai askin ya karanta da ƙarfi tun daga shafin farko, inda takarda ta ƙare kuma Baba ya ɗora da ka. An gayyaci direba da tela, da sharaɗin su bar wayoyinsu a aljihu. Bayan nan za a naɗe marigayin a tsohuwar rigar golan Baba, a kwantar da shi a akwatin Baba, wanda shi zai riƙe makullin.

Baba ya aiko ƙanwar ta shaida wa yayanta cewa gemu bai san makoki ba, don haka ya zo da askarsa. Ya ce kuma ya taho da tsumma.