Maganaɗisun da ya ƙi wargajewa a Gagarawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ilimin maganaɗisu Gagarawa ba, ko da yake har gobe ban yarda lissafina ne ya kuskure ba.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina jami'a, ina fama da kwamfuta (irin mai cinye ɗaki guda, a ciyar da ita da kati mai huji-huji). Aikina kwaikwayon yadda maganaɗisu ke aiki ne a cikin kwamfutar. Kowace ƙwaya a cikinsa tana bin inda maƙwabtanta suka fuskanta, amma da zafi ya kai wani mataki sai jerin ya wargaje, ƙarfe ya daina jan komai.

Da na zo hutu, Malam Sule, hedimastan firamare kuma mahaifin Hajara da nake nema, ya ce ya gaji da jin "kwamfuta, kwamfuta". In nuna masa abin da nake karantawa kafin ya ba manyana amsa. Na ce ai da ɗalibansa ma zan nuna.

Na jera su a fili. Kowa ƙwaya ce, ya dubi kudu ko arewa, ya bi maƙwabtansa. Gangar makaranta ce zafi: kiɗa na tsananta, kowa ya juya inda ya ga dama. Malam da wasu dattawan gari suka zauna ta kudu.

Aka fara kiɗa, kowa na kallon kudu. Aka ƙara, ko motsi. Makaɗi ya jiƙe sharkaf, maganaɗisuna na nan daram. To wane ɗa ne zai juya wa hedimasta da dattawa ƙeya? Ni wannan bai ko zo mini ba (kwamfuta ba ta san kunya ba, kuma na daɗe tare da ita).

Raina ya ɓaci, na daka tsawa: "Ku juya masa baya mana! Wane ne shi a lissafin nan?"

Ganga ta tsaya cak. Malam ya gyara zaman hularsa ya ce, "Samari, uban Hajara ne."

Maimakon in durƙusa, sai na ce, "Malam, ai ku ne babban maganaɗisun da ya janye su, littafi ma ya faɗi haka."

Kuma wallahi gaskiyata ce, a tambayi duk wanda ya san fannin. Hajara dai tana aure a Maigatari, gidan wani dillalin shanu. Abin da na koya kawai shi ne, kafin ka gwada kimiyya, fara duba inda surukinka ya zauna.