Maɓallin da ban danna ba

Ba zan taɓa mantawa da Jumma'ar da na yi wa Kawu Idi ƙarya ba, da rana tsaka, a gaban tsofaffi biyar.

Kawu Idi yayan mahaifiyata ne. Aikin rediyo ya yi a soja, da ya ajiye aiki ya dawo garinmu Garhanga da wata tsohuwar na'ura, irin wadda mutum ke magana daga ɗakinsa a ji shi a wata ƙasa. Ya koya mini komai a kanta, amma saurare kawai ya yarda in yi. "Wanda bai da takarda ba ya danna maɓallin ga," in ji shi, yana nufin maɓallin da ake dannawa a yi magana. Nasa izinin ya daɗe da ƙarewa, idanunsa sun tafi, burinsa ɗaya ya rage: ya ji na yi kira da lambar izinina kafin ya bar duniya.

Na je Yamai na yi jarrabawar neman izini, na ci. Na tambayi mutumin biro, wato ma'aikacin ofishin, yaushe takardar izini za ta fito, ya ce mako uku ko huɗu, za a kira ni. (Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, na san yadda dosiyen takardu ke kwana a biro, amma ranar nan na gaskata shi kamar ban taɓa ganin biro ba.) Na dawo na shaida wa kowa mako uku. Na huɗun ma a hanya na yar da shi.

Wata guda ya wuce, na biyu ya bi, har aka yanke gero. Ko wanka zan shiga, salulata tana kan katanga. Jikin Kawu kuwa sai ƙara tsanani yake, kuma kullum tambayarsa ɗaya: "Ɗan nan, takarda ta taho?"

Ranar da nake faɗa, abokansa sun zo duba shi bayan an sauko daga masallaci. Ya yi tambayar a gabansu, sai na ji bakina ya ce, "Ta taho, Kawu." Na sha gaya wa kaina tausayi ne ya sa. Gaskiya har da gajiya da masu ce mini "mai rediyon da ba ta magana".

Kawu ya sa aka tashe shi zaune. "Alhamdu lillahi. Kunna ta in jiya."

Na haɗa batir, na'ura ta kama shuuu ɗinta. Na ɗauki abin magana. In na danna, na karya doka, na karya tasa. In na ƙi, asirina ya tonu. Sai na zaɓi hanyar matsorata: na ƙirƙiri lamba, na yi kira sau uku da Faransanci, da murya irin ta manya, yatsana bai ko taɓa maɓallin ba. Tsofaffi suka ɗauki "Masha Allah", ɗaya har yana tambaya ko ana jin mu a Makka.

Can Kawu ya juyo da fuskarsa wajena.

"In anka danna, shuuu ɗin ga yankewa yakai. Ni ban ji ya yanke ba."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar. Na sunkuyar da kai, zufa tana bin bayana, na rasa inda zan sa idona.

"Ba ka danna ba," ya ce a hankali. "Wanga ni na koya maka shi. Ƙaryar dai, ban san wa ya koya maka ita ba. Zamna mu saurara."

Muka zauna muna sauraren muryoyin mutanen da ba mu sani ba, har aka kira la'asar. Bai sake tambayata takarda ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

A wata na biyar aka kira ni, kwana tara bayan mun binne shi. Na kawo takardar ɗakinsa, na kunna na'ura, na danna. Shuuu ɗin ya yanke kamar yadda ya faɗa, ni kuma sai hawaye.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni tsawon lokacin da izini ke ɗauka bayan jarrabawa, cewa nake ban sani ba. Kalma uku ce kacal. Da na iya faɗinsu tun ranar da na dawo daga Yamai, da abin da Kawu ya ji daga bakina a gaban na'urarsa bai zama ƙarya ba.